Amsa ga ɗana mai shirin zuwa karatu Ostireliya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da mahaifiyarka da ƙannenka, saƙonka ya same ni a Melbourne, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna amsawa, domin abubuwa ukun da ka tambaya suna da alaƙa da juna fiye da yadda kake zato. Ka ce ka ga rahoton cewa ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a tana nuna 'yan Ostireliya sun fara gajiya da baƙi, kana tsoron kada zaɓe ya zo a rufe ƙofa. Ka ce wani dillalin biza a Kano ya ba ka shawarar ka shigo da bizar ɗalibi, idan ka sauka ka nemi mafaka da hujjar rashin tsaro a Arewa. Sannan ka tambaya ko aikin da ɗalibi yake yi a nan zai iya biyan kuɗin makaranta.

Zan fara da maganar ƙuri'ar. A ƙasar nan jefa ƙuri'a wajibi ne tun 1924, wanda kuwa ya ƙi fita ba tare da uzuri ba ana cin sa tarar dalar Ostireliya 20. Ranar Asabar ake zaɓe, rumfar unguwarmu kuma a wata makarantar firamare take, inda za ka tarar da iyayen yara suna gasa nama suna sayarwa da burodi domin tara wa makarantar kuɗi, wakilan jam'iyyu kuma suna tsaye a bakin ƙofa suna miƙa wa kowa takardar da ke nuna yadda suke so ya jera 'yan takara, saboda a nan lamba ake saka wa kowane ɗan takara daga na ɗaya har na ƙarshe. Tun da kusan kowa zai fito, jam'iyyu ba sa wahalar da kansu wajen kwaso mutane zuwa rumfa. Hankalinsu yana kan mutumin da bai yanke shawara ba, mai zaune a unguwannin bayan gari, wanda kuɗin haya ko bashin gida ya sha masa kai, kuma ƙuri'ar jin ra'ayi ita ce hanyar da suke bi su san abin da ke ransa.

Kamfanoni irin su Newspoll, wanda jaridar The Australian take buga sakamakonsa, da Essential da Resolve, sukan tambayi mutane dubu ɗaya da 'yan kai wace jam'iyya za su zaɓa da a ce yau ne zaɓe, su haɗa da wasu tambayoyi kan tsadar rayuwa ko shige da fice. 'Yan siyasa suna ɗaukar sakamakon da muhimmanci ƙwarai. A watan Satumba na 2015, lokacin da Malcolm Turnbull ya ƙalubalanci Firaminista Tony Abbott a cikin jam'iyyarsu ta Liberal, ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce gwamnati ta zo a baya a Newspoll sau 30 a jere; shi ma ya kai wannan adadi a 2018, kuma a watan Agustan shekarar 'yan jam'iyyarsa suka sauke shi. Duk da haka ƙuri'ar ba duba ba ce. A 2019 dukkan manyan kamfanonin sun nuna jam'iyyar Labor ce za ta ci, sai Scott Morrison na Liberal ya lashe. A farkon 2025 kuma 'yan adawa suna kankankan da gwamnati, shugabansu Peter Dutton yana alkawarin rage ɗaliban ƙasashen waje, amma ranar 3 ga Mayu Labor ta Anthony Albanese ta samu kujeru 94 daga cikin 150 na majalisar wakilai, Dutton ya rasa har kujerarsa.

Kada ka ɗauka wannan nasara ta buɗe maka ƙofa. Gwamnatin Labor ɗin ce da kanta ta ɗaga kuɗin neman bizar ɗalibi daga dala 710 zuwa 1,600 a Yulin 2024, sannan zuwa 2,000 a Yulin 2025, ita ce kuma ta kai kuɗin da za ka nuna kana da su na zaman shekara ɗaya dala 29,710, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. Dalilin a fili yake: a shekarar 2022 zuwa 2023 waɗanda suka shigo ƙasar sun zarce waɗanda suka fita da mutum fiye da 500,000, haya ta yi tsada, mutane suka fara ɗora laifin a kan ɗalibai. Binciken da gidauniyar Scanlon take yi duk shekara ya nuna a 2024 kusan rabin jama'a suna ganin baƙin sun yi yawa, amma a cikin binciken nan ɗaya fiye da kashi 80 cikin ɗari suka ce zaman al'ummomi mabambanta alheri ne ga ƙasar. Abin da nake gani a unguwa ke nan. Maƙwabcinka zai yi maka fara'a, ya ba ka aron injin yankan ciyawa, kuma zai gaya wa mai tambaya cewa a rage yawan masu shigowa. Saboda haka, ko wace jam'iyya ce a kan mulki, ka sa ran za a tsaurara bincike a kan takardunka.

Maganar mafaka ce nake so ka natsu ka karanta, domin a nan ne dillalin nan yake neman jefa ka rami. Babu batun da ya daɗe yana juya siyasar ƙasar nan kamar na masu neman mafaka. Tun 1992 doka ta wajabta tsare duk wanda ya iso ba tare da biza ba. A watan Agustan 2001 wani jirgin dakon kaya na ƙasar Norway mai suna Tampa ya ceto mutum fiye da 430 a teku, galibinsu 'yan Afghanistan, gwamnatin John Howard ta hana shi sauke su, aka fara kai masu zuwa ta kwale-kwale tsibirin Nauru da kuma na Manus da ke Papua New Guinea, Howard kuma ya ci zaɓen Nuwamban shekarar. Firaminista Kevin Rudd na Labor ya rufe cibiyoyin tsarewar a 2008, magajiyarsa Julia Gillard ta sake buɗe su a 2012 da kwale-kwalen suka yawaita, mutane suna nutsewa a hanya, a ranar 19 ga Yulin 2013 kuma Rudd da kansa, wanda ya dawo kan mulki, ya sanar cewa wanda ya zo ta ruwa ba tare da biza ba, ba zai taɓa zama a Ostireliya ba. Abbott ya ci zaɓe bayan wata biyu da alkawarin tsayar da kwale-kwalen, ya damƙa aikin a hannun soja. A yau manyan jam'iyyun biyu bakinsu ɗaya a kan mayar da kwale-kwale baya. Ni ban taɓa yarda da tsare mutane shekara da shekaru a tsibiri ba, har da yara, na kuma ji daɗi a Fabrairun 2023 da aka ba mutum kusan 19,000 masu bizar kariya ta wucin gadi damar zama na dindindin. Amma ra'ayina bai canza abin da za ka tarar ba.

Wanda ya shigo ta jirgin sama da halastacciyar biza yana da damar neman bizar kariya, wannan gaskiya ne, kuma a kan wannan 'yar gaskiyar dillalai suke gina ƙaryarsu. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne sai ka tabbatar kai ɗin nan ake farauta saboda launin fatarka, ko addininka, ko ƙasarka, ko ra'ayinka na siyasa, ko kasancewarka cikin wani rukuni na jama'a, kuma dokar ƙasar nan ta ce sai haɗarin ya shafi dukkan sassan ƙasarku. Idan ka ce 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka a Zamfara da Katsina, ba za a musa maka ba, amma jami'in zai tambaye ka me ya hana ka zama a Abuja ko Legas, kuma me ya sa watanni kaɗan da suka wuce ka rubuta da hannunka cewa karatu ne ya kawo ka. Idan aka ƙi buƙatarka, doka ta hana ka neman yawancin sauran bizoji daga cikin ƙasar, kuma wannan ƙin zai bi ka duk ofishin jakadancin da ka je nan gaba.

Akwai wani matashi ɗan Afirka ta Yamma da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, wanda ya bi irin wannan shawara. Ya bar makaranta a zangon farko, ya shiga jiran hukunci a kan bizar wucin gadi, shekaru suna ta tafiya. Ranar da aka yi masa waya cewa mahaifinsa ya rasu ina tare da shi a wurin ajiye motoci. Ya zauna a gefen kwalta riƙe da wayar, ba shi da halin zuwa ta'aziyya, domin fitarsa daga ƙasar tana nufin ba zai dawo ba, komawarsa gida kuma tana rushe duk abin da ya faɗa wa hukuma. Bayan wannan akwai haƙƙin wasu. Kowace takardar ƙarya tana ƙara tsawon layin da ɗan Rohingya ko ɗan Sudan da ya tsero daga yaƙi na gaske yake jira a ciki, tana kuma ba masu son a rufe ƙofa hujjar da suke nema. Ban yarda ka ɗauki wannan alhaki ba, kuma na san mahaifiyarka ma ba za ta yarda ba.

Game da aiki, ɗalibi yana da izinin awa 48 ne kawai a cikin mako biyu lokacin da ake karatu, albashi mafi ƙanƙanta da aka tsayar a Yulin 2025 kuma dala 24.95 ne a awa. Idan ka lissafa, zai biya maka ɗaki da abinci da kuɗin jirgin ƙasa in ka iya tattali, amma ba zai biya kuɗin jami'a ba, wanda yakan kai dubban goma na daloli a shekara. Wanda ya ce zai ba ka aiki a ɓoye ya biya ka a hannu ƙasa da wannan, ka guje shi. Tun Janairun 2025 danne albashin ma'aikaci da gangan ya zama babban laifi a dokar tarayya.

Za ka riƙa jin 'yan siyasa suna kuka cewa amfanin da ma'aikaci yake samarwa a kowace awa ya daina ƙaruwa. Akwai hukuma sukutum ta gwamnati da ke bincike a kan wannan, ta kuma ce shekaru goman da suka ƙare a 2020 su ne mafi rauni cikin shekara 60, har Ministan Baitulmali Jim Chalmers ya tara 'yan kasuwa da shugabannin ƙwadago a Canberra a Agustan 2025 domin tattauna shi. Lokacin da nake ɗalibi na yi aiki a wani babban rumbun kaya, inda na'urar da ke hannuna take ƙirga kwalayen da na ɗauka a kowace awa, na yi zaton ma'anar maganar ita ce mu ƙara sauri. Daga baya aka kawo sabon tsarin jera kaya da injin ɗagawa, muka riƙa fitar da fiye da na da ba tare da gumin da muka saba ba, a nan na gane kayan aiki da ƙwarewa da tsari ake nufi. Wannan muhawara ta shafe ka kai tsaye, domin ita ce take sa gwamnati ta fifita baƙon da ya iya abin da ake ƙarancinsa, kamar aikin jinya da koyarwa da injiniyanci da sana'o'in gini, a kan wanda ya yi rajista a ƙaramar kwaleji don kawai ya samu izinin aiki.

Saboda haka ka zaɓi fannin da ya dace da digirinka na farko, wanda za ka iya kare shi da bakinka idan aka tambaye ka dalilin zaɓensa. Ka nemi gurbin da kanka ta shafin jami'ar, ka duba kuɗaɗen da sharuɗɗan a shafin Ma'aikatar Cikin Gida ta Ostireliya a ranar da za ka cike takarda, saboda suna yawan sauyawa, kuma kada ka bari a saka maka kuɗin aro a asusu don a nuna wa jami'an biza, domin suna bin diddigin inda kuɗi suka fito. Ka turo min sakamakon jarrabawarka da sunayen jami'o'i ukun da kake tunani, mu duba tare ko akwai tallafin karatu da za ka iya nema kafin zangon Fabrairu. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata zan kira ta ranar Lahadi in sha Allah.

Kawunka.