Me ya sa jirgina yake zubewa duk sanda na mirgina shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata shida ke nan ina tuƙa ƙaramin jirgin sama na rimot, mai fiffike a sama. Tashi da sauka ba ni da matsala. Amma da na ce zan mirgina shi a iska, sai ya murɗe kamar igiya ya fito hanci ƙasa. Sau biyu saura ƙiris ya daki ƙasa. Hannuna ne ko jirgin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun ne, amma kason hannun ya fi yawa.

Fiffike yana ɗaga jirgi ne ta wajen samansa. Idan jirgin ya koma gefe, ba abin da ke riƙe da shi. Idan ya kife, ƙarfin da ke ɗaga shi ya koma jan sa ƙasa. Dole hanci ya sunkuya. Mai koyo kuwa da ya ga haka sai ya ja sandar rimot baya kamar yadda ya saba, alhali jirgi a kife yake, sai ya ƙara tura shi ƙasa. Nan ne jirage da yawa suke ƙarewa.

Ka fara hawa sama sosai, yadda ko ka yi kuskure uku za ka samu damar gyarawa. Ka sa jirgin ya fuskanci iska, ya gitta ta gabanka, ka ba shi totur. Ɗaga hanci kamar digiri 15 zuwa 20, ka saki sandar ta koma tsakiya, ka dakata ƙiftawar ido, sannan ka kai ta gefe har ƙarshe. Kada ka ji tsoron kaiwa ƙarshe, juyi mai sauri ya fi sauƙi domin hanci bai samu lokacin faɗuwa ba.

Sakin nan shi ne maganin murɗewar da kake gani. A yawancin rimot, sandar dama ita ke riƙe da eleron, harsunan nan na bayan fikafikai masu mirgina jirgi, ita kuma ke riƙe da elebeta na wutsiya mai ɗaga hanci. Babban yatsa ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi. Gwada wannan a ƙasa: cire farfela, kunna jirgin, rufe ido, ka tura sandar gefe ka riƙe, sannan ka buɗe ido ka dubi wutsiya. Ranar da na fara gwadawa na tarar elebeta ya ɗaga kusan kaurin ashana, ni kuwa da na rantse ban taɓa shi ba. Ka ƙara wa sifirin ɗin da ke mayar da sandar tsakiya, na sama da ƙasa, tauri idan rimot ɗinka yana da wurin ɗaurewa, ko ka koma riƙe sandar da yatsu biyu.

Idan wannan ya zauna, sai ka fara tura sandar gaba kaɗan daidai lokacin da ka ga cikin jirgin yana kallon sama, ka saki nan take. Taɓawa ce, ba dannawa ba. Sitiyarin wutsiya, mai karkata hanci hagu da dama, sai daga baya, a juyin da ake yi a hankali: idan dama kake mirginawa, hagu a gefen farko, turawa a kife, dama a gefen ƙarshe. Ban so ka taɓa shi yanzu.

Shi kuma jirgin, irin naka an ƙera shi ne don ya riƙa daidaita kansa. Fikafikansa sun ɗan ɗaga sama, ƙasansu a shafe, don haka yana gardama da juyi. Zai yi, amma ba zai yi santsin mai fiffike a ƙasa ba. Ka duba nauyinsa: haura da shi digiri 45, ka kife shi, ka saki sanda. Idan hanci ya zubo da sauri, gaba ta yi nauyi, sai ka matsar da batir baya kaɗan kaɗan, ba a tashi ɗaya ba. Za ka kuma lura ya fi saurin mirginawa hagu, ƙarfin juyin farfela ne ke taya shi, don haka ka fara da hagun amma kada ka bar dama.

In kana da kwamfuta, sa manhajar gwaji irin RealFlight ko PicaSim, ka haɗa rimot ɗinka, ka riƙa yin juyi ashirin kowane ɓangare kafin ka fita fili.