Lee Chong Wei: gwarzon da zinaren Olamfik ya ƙi

Tambaya: Malam, ina jin ana cewa Lee Chong Wei na Malesiya yana cikin fitattun 'yan wasan badminton na tarihi. Amma na duba, bai taɓa cin zinare a Olamfik ko a gasar duniya ba. To ina gwanintar take?

Amsa: Malam mai tambaya, abin da ka gani haka yake, babu zinaren. Sai dai ma'auni biyu ake amfani da su a wannan wasa, kai kuma ɗaya ka ɗauka.

Hukumar badminton ta duniya, BWF, tana jera 'yan wasa ne bisa makin da suka tara a gasa goma da suka fi taka rawa a cikin makonni 52. Wato ana duba wanda ya fi jurewa shekara guda cur. A nan Lee ba shi da na biyu a zamaninsa: ya yi makonni 349 yana na ɗaya a duniya, 199 daga ciki a jere, daga 2008 zuwa 2012. Ya ɗauki kofin All England sau 4, na Malaysia Open sau 12, ga zinaren gasar Commonwealth na 'yan wasa ɗai-ɗai a 2006 da 2010 da 2018.

Zinaren Olamfik kuwa rana ɗaya ce ke yanke shi, kuma sau biyu Lin Dan na ƙasar Sin ne ya tare masa hanya. A Beijing a 2008 babu abin faɗa, Lin Dan ya yi masa kaca-kaca, 21-12 da 21-8. Amma dubi abin da ya biyo baya. Ka tuna a lokacin ana cin turmi ne da maki 21, in an yi kunnen doki a 20 sai wani ya ba da tazarar maki biyu, wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ya yi nasara. A wasan ƙarshe na gasar duniya a Landan a 2011, sau biyu Lee yana kaiwa inda maki ɗaya tak ya rage masa, amma aka tashi turmin ƙarshe 23-21 a hannun Lin Dan. Shekara ta zagayo, a Landan ɗin dai, a Olamfik, Lee ya ci turmin farko, ya faɗi a hannun Lin Dan a na uku da 21-19. A 2013 a Guangzhou, a wasan ƙarshe na gasar duniya da Lin Dan ɗin dai, ƙafarsa ce ta riƙe a turmi na uku, dole ya janye. Wanda ke faɗuwa da maki biyu ba a ce masa rago.

Ni wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na Olamfik ɗin Rio a 2016. A wasan kusa da na ƙarshe ya kayar da Lin Dan da 22-20 a turmi na uku, kowa ya ce bana kam an kai gaci. Washegari Chen Long, shi ma ɗan Sin, matashi mai tsawo da tsaron gida kamar bango, ya doke shi 21-18, 21-18. Azurfa ta uku ke nan a Olamfik.

Akwai tabo ɗaya da bai kamata in ɓoye maka ba. An ƙwace azurfar da ya ci a gasar duniya ta 2014 bayan an sami maganin dexamethasone, wanda aka haramta a gasa, a jikinsa, aka dakatar da shi wata 8. Kwamitin da ya saurari maganar bai same shi da niyyar maguɗi ba.

In ka tambaye ni wa ya fi tsakanin su biyun, Lin Dan zan ce, ba tare da wata inda-inda ba: zinaren Olamfik 2, na duniya 5, kuma a karawa 40 da suka yi ya ci 28. Shi yakan zaɓi manyan gasanni ya huta a sauran, har a 2013 sai da aka ba shi gurbi na alfarma a gasar duniya don matsayinsa ya yi ƙasa sosai. Lee kuwa kusan ko'ina yana fili. Cutar daji a hanci ce ta tsayar da shi a 2018, ya yi jinya a Taiwan, ya sanar da ritaya ranar 13 ga Yuni, 2019, yana da shekara 36.