Takardun aure a Jamus: ka fara daga ofishin garin amaryarka

Ɗan'uwa, ka ce ka samu wadda za ka aura a Jamus, kana tambayar yadda za ka kai takardar haihuwarka da ta shaidar ba ka da aure ofishin jakadancinsu a buga musu hatimi. Kada ka ɓata kuɗin motarka. Tun shekarar 2000 ofisoshin jakadancin Jamus suka daina buga wannan hatimi a kan takardun Najeriya, saboda yawan jabu. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961, don haka babu hatimin afostil, wato hatimin da ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar ke amince wa takardun juna da shi, da zai taƙaita maka hanya. Hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Abuja shi kaɗai ba ya gamsar da su.

Abin da suke yi shi ne bincike, kuma ba kai kake nemansa ba. Amaryarka za ta je ofishin ɗaurin aure na garinsu, wanda suke kira Standesamt, a ba ta jerin abubuwan da ake so. Ita za ta miƙa takardunka na asali tare da fassarar Jamusanci daga mai fassara da kotu ta rantsar, ta ajiye kuɗin bincike, wanda yake kai ɗaruruwan Yuro. Ofishin ne zai aika su ƙaramin ofishin jakadancin Jamus da ke Legas, su kuma su ba lauyan da suka amince da shi. Yakan ɗauki watanni, don haka kada ku sa rana tukuna.

Mai binciken yana zuwa har unguwarku. Zai duba rajistar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya je firamaren da ka yi, ya tambayi iyaye da maƙwabta. A nan yawancinmu ke faɗuwa, ba don ƙarya ba, don sakaci. Fasfo ya ce Mohammed, takardar makaranta ta ce Muhammadu, ta haihuwa ta ce Mamman. Ko an rage shekaru biyu lokacin jarrabawar WAEC. Ko a tambayi mahaifiya ta faɗi shekarar da ba ta zo daidai da takarda ba. Ka jera takardunka duka ka kwatanta harafi da harafi, ka gyara ta hanyar hukuma kafin su bar hannunka. Idan an haife ka kafin 1992, hukumar ƙidaya takardar tabbatar da haihuwa za ta ba ka, ka haɗa ta da rantsuwar shekaru da mahaifi ko wani babba a gida ya yi a babbar kotu. Adireshin gida kuma ka kwatanta shi yadda baƙo zai gane.

Maganar da muka fi so ka riƙe ita ce ta aure. Idan kana da mata a gida, ko da a masallaci kawai aka ɗaura, a idon dokarsu kai mai aure ne, kuma ƙara aure laifi ne a Jamus. Idan ka taɓa saki, sakin baki bai isa ba: ka karɓi takardar kotun shari'a, sannan sai hukumar shari'a ta can ta amince da sakin. Wanda ya rantse shi tuzuru ne alhali maƙwabta sun ci shinkafar bikinsa, ya rufe wa kansa ƙofar biza.

Bayan bincike, da yake Najeriya ba ta bayar da takardar cancantar aure irin wadda dokarsu ta amince da ita, fayil ɗin zai wuce zuwa babbar kotun yanki ta Jamus ta yafe maka ita. Wannan yafewa wata 6 take aiki. A cikinsu za ka nemi bizar aure a Legas, kuma za a tambaye ka shaidar iya Jamusanci matakin A1, wato matakin farko. Ka fara karatun a Goethe-Institut, cibiyar koyar da Jamusanci, tun ana kan binciken, kada wata shidan su ƙare kana aji.