Kumburin gindin wutsiyar kyanwa

Malama, kin ce kyanwarki ta kwana waje, bayan kwana 3 gindin wutsiyarta ya kumbura, ba ta yarda a taɓa. Ina kyautata zaton cizo ne. Kyanwa in ta juya za ta gudu daga faɗa, nan abokiyar faɗan ke cafka. Haƙorinsu siriri ne kamar allura, ramin ya rufe da wuri, ƙwayoyin cuta na ciki suna tara mugunya. Ki ɗaga gashin a hankali, za ki iya ganin ƴan huji biyu, wurin da zafi.

In ya fashe, ki wanke da ruwan gishiri mai ɗumi. Kada ki sa Dettol, kada ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Tawa na taɓa tsayawa jira, sai da ta daina cin abinci, likitan dabbobi ya tsaga wurin.

Amma ki duba: wutsiyar tana motsi ko tana lilo kamar igiya? Kyanwar tana fitsari? In wutsiyar ba ta motsi ko kyanwar ba ta fitsari, mai yiwuwa jijiya ta taɓu, yau za ki kai ta wurin likitan dabbobi, ba gobe ba.