Wasan mutum ɗaya kan rashin mahaifi: ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ka ce kana so ka hau dandamali kai kaɗai, ka ba da labarin rasuwarsa da yadda gida ya manta da kai bayansa, amma kana tsoron 'yan kallo su gaji.

Tsoronka yana kan hanya. Na taɓa yin irinsa, na buɗe fage da kuka. Kafin minti 10 kowa ya koma kan wayarsa. Fara da abin dariya. Sannan ka san wa kake yi wa magana. Ni hular mahaifina ce ta cece ni: in na sa ta na zama shi, in na cire na koma ɗan da ko gaisuwa ba a yi masa ba a zaman makoki.

Kada wasan ya wuce awa ɗaya. Yawancin irinsa a bikin wasanni na birnin Edinburgh a Scotland da ake yi a watan Agusta haka suke. Nemi darakta, ko daga sashen wasan kwaikwayo na ABU Zariya, tunda ba ka iya kallon kanka. In atisaye ya fara hana ka barci, dakata ka ga likitan ƙwaƙwalwa.