Tambayi Likita: Rauni a Baƙin Ido

Daga wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi: Likita, in na yi walda da rana, cikin dare sai in ji kamar an zuba min yashi a ido.

Hasken waldar ne ya ƙone fatar saman idonka, zafin kuma sai bayan awa 6 zuwa 12 yake tashi. Yakan warke cikin kwana 2. Ka riƙa sa gilashin walda. In zafin ya wuce kwana 2, ko tartsatsin ƙarfe ya shiga, ka je asibiti.

Daga wata uwa a Aboabo: Tsinke ya soki ɗana a ido. Maƙwabta sun ɗiga masa nono da ruwan sukari, na kuma sayo maganin ɗigawa a kemis. Jan ya ragu, amma fari ya fito a tsakiyar baƙin.

Hajiya, wannan farin ne ya tayar min da hankali. Yau ɗin nan ki kai shi sashen ido na asibitin Komfo Anokye.

Baƙin ido yana da rufi garai-garai kamar gilashi, kaurinsa kusan rabin milimita ne kacal, babu jijiyar jini a cikinsa. In ƙarzuwa ce kawai, fatar samansa kan haɗe cikin kwana 1 zuwa 3. Amma in ƙwayoyin cuta suka shiga, ƙwayoyin halittar wurin sai su kumbura su fashe, abin da ya zubo daga cikinsu ya kirawo sojojin jini. Su kuma ba sa tantancewa: ruwan da suke fesa wa cutar yana narkar da naman idon, na kusa su ma su mutu, gyambon ya ƙara zurfi. Inda ya warke sai hakiya, ita kuwa ba ta goguwa da ɗigo.

To nono da sukari abincin wa aka zuba? Na ƙwayoyin cutar. Wallahi na gaji da ganin wannan. Sau nawa nake ɗiga launin gwaji a idon yaro, in haska shuɗiyar fitila, in ga gyambon ya yi kore shar ya cinye tsakiyar ido, uwar tana cewa fitsari ko ruwan albasa aka sa!

Na kemis ɗin ma ina zarginsa. In mai sitiroyid ne, wato sinadarin rage kumburi, yana kwantar da ja ne cutar tana ci a ɓoye, musamman ta tsinke ko ciyawa. Ki daina ɗigawa, ki tafi da kwalbar likita ya gani. Kada ki jira gobe.

Daga wani birkila a Asawase: Siminti ya faɗa min a ido.

Malam, ruwa tukuna. Buɗe idon ka yi ta zuba ruwa mai tsabta, ko na leda ne, aƙalla minti 20, sannan asibiti nan take, ko da zafin ya lafa.