Da bizar Birtaniya zan iya tsallakawa Dublin daga Belfast?

Tambaya: Malam, 'yata tana karatu a Belfast, na samu bizar ziyara ta Birtaniya ta wata shida zan je bikin kammala karatunta. Ejan da ya yi mini takardu ya ce in na ga dama in hau bas in leƙa ɗan'uwana a Dublin, wai duk ƙasar Turawan Ingila ce, babu shinge a hanya. Hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada ka hau bas ɗin nan sai da bizar Ireland a fasfonka.

Belfast tana Ireland ta Arewa, gundumomi 6 da suka zauna cikin Birtaniya. Dublin kuwa babban birnin Jamhuriyar Ireland ce mai gundumomi 26, wadda ta ɓalle a 1922. Fasfonta daban, kuɗinta yuro ne ba fam ba, hukumar shige da ficenta daban.

Abin da ejan ya faɗa game da shinge gaskiya ne, kuma nan ne tarkon yake. Iyakar ta kai kusan kilomita 500, babu ƙofa babu jami'i a tsaye. Tafiyar wajen awa biyu ce, kana zaune a mota ba za ka san ka tsallaka ba sai ka ga allunan gudu sun koma kilomita daga mil, layin gefen titi ya zama ruwan ɗorawa, sunayen garuruwa sun fara fitowa da harshen Irish. Amma don wa aka bar hanyar a buɗe? Tsarin zirga-zirgar bai-ɗaya da ke tsakanin ƙasashen biyu na 'yan Birtaniya ne da 'yan Ireland. Bayan rikicin Ireland ta Arewa da ya ci rayuka sama da 3,500, yarjejeniyar Belfast ta 1998 ta ba ɗan Ireland ta Arewa damar ya kira kansa ɗan Birtaniya, ko ɗan Ireland, ko duka biyun, sannan aka kwashe shingayen sojoji. Sulhu ne tsakanin maƙwabta da suka zubar da jinin juna. Ba a yi shi don baƙo mai bizar ziyara ba.

Kullum wannan maganar nake gyarawa, kuma kullum daga bakin ejan take fitowa: “wane ya bi ta nan, ba wanda ya tambaye shi.” To, an yi sa'a ba a tambaye shi ba, amma dokar ƙasa ya karya. 'Yan sandan Ireland, da ake kira Garda, suna tare bas da jirgin ƙasa a wajajen garin Dundalk da ke kusa da iyaka su duba takardu. Wanda aka samu ba biza za a hana shi shiga a mayar da shi, a rubuta sunansa. Daga ranar, duk takardar neman bizar Birtaniya da zai cike sai ta tambaye shi ko wata ƙasa ta taɓa hana shi shiga. Ya ce e, an ɗora masa ayar tambaya. Ya ce a'a, ya yi ƙarya a takarda, wadda ta fi laifin farko muni. Ejan kuwa yana Kano ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba shi za a sauke daga bas a gaban jama'a ba.

Wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin ɗin wani tsari da biza ɗaya ke aiki a ƙasashen biyu. Akwai shi, amma na 'yan Sin ne da Indiya. Fasfon Najeriya ba ya ciki. Bizar Schengen ma ba ta aiki a Ireland. Haka nan kada arhar tikiti ta ruɗe ka ka sauka a filin jirgin Dublin da niyyar hawa mota zuwa Belfast, wannan ma shiga Jamhuriyar ne.

In kana son ganin ɗan'uwanka, nemi bizar gajeren zama ta Ireland, ajin C, mai iyakar kwana 90. Ana cike takardar a intanet, ofishin jakadancin Ireland a Abuja ne ke kula da ita, kuɗin shiga sau ɗaya yuro 60. Haɗa wasiƙar gayyata daga ɗan'uwan, da bayanin asusun banki na wata shida, ka nema da wuri don takan ɗauki makonni. 'Yarka ma bizar karatunta ba ta isar mata, sai ta nemi tata.

In kuma ka isa Dublin, kada ka kira mutumin can Baturen Ingila, ranshi zai ɓaci ƙwarai. A Belfast ma kada ka riga mutum faɗin ko shi wane ne, bari ya faɗa da bakinsa.